Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni ko tsawa ba ta gyara ma'aikaci

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron 'yan kasuwa na makon jiya ka miƙe ka tambaye ni: in maigida bai zare ido ya yi tsawa ba, wa zai bi doka a wurin aiki? Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na rubuto.

Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina riƙe da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Manajanmu mutum ne da zai zagi uwar magidanci a gaban leburori saboda buhu ɗaya. Kowa na zuwa a kan lokaci, wannan gaskiyarka ne. Amma wata damina rufin sito ya yi yoyo cikin dare, buhunan fulawa na layin bango suka sha ruwa. Mu huɗu muka tsaya a kansu da safe, babu mai kallon idon wani. Kwana biyu kafin nan mun ga yadda ya tozarta wani direba har da hawaye, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Muka juya buhunan, jiƙaƙƙen gefe ya koma ciki, aka loda wa masu gidajen burodi. Ni na rubuta "lafiya lau" a littafi, ni na sa hannu. Har yau abin yana ci mini rai, domin waɗanda muka cuta ba su taɓa zagin kowa ba.

Kada ka ɗauka halin talaka ne kawai. A 2016 hukumomin Amurka suka ci bankin Wells Fargo tarar dala miliyan 185, bayan an gano ma'aikatansa sun buɗe asusu kusan miliyan biyu ba da sanin masu su ba. Manajoji ne suka ɗora musu adadin da ba ya cikuwa, ana bibiyarsu kullum da barazanar kora. Mutum 5,300 aka sallama, galibi ƙananan ma'aikata, kuma wasu sun bayyana cewa da suka kai ƙara layin ƙorafi na bankin, aikinsu ne ya tafi. A 2017 ƙarin bincike ya nuna adadin asusun zai iya kai miliyan 3.5.

An ce babu mugun sarki sai mugun bafade. Ni dai a sito na ga yadda sarkin ke ƙera bafaden da hannunsa. Wanda ake wulaƙantawa yana koyon karanta fuskarka ne, ya san ranar da za a faɗa maka gaskiya da ranar da za a ɓoye.

Ban ce ka ƙyale ɓarawo ko malalaci ba. Ka hukunta shi, amma a ofis, ƙofa a rufe, bisa ƙa'idar da ya sani tun ranar da ya kama aiki. Sannan ina roƙonka, Alhaji, ka tuna yaushe rabon da wani yaronka ya zo da ƙafarsa ya ce maka, "Maigida, na yi kuskure."

Naka,
Tsohon mai riƙe da sito