Rawa Sana'a Ce, Kuma Jikin Mai Yin Ta Ne Ke Biyan Kuɗinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani sharhi da ya fito a shafinku na al'adu kwanakin baya. Marubucin ya kawo labarin Anthony Madu, yaron nan na Legas da aka ɗauki bidiyonsa a shekarar 2020, yana ɗan shekara 11, yana rawar bale, wato rawar Turawa da mata ke tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, cikin ruwan sama babu ko takalmi, wanda daga baya ya samu gurbin karatu a makarantar rawa ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Labarin ya yi daɗi, sai dai marubucin ya rufe shi da cewa zamani ya zo da mutum zai ci arziki da tsalle-tsalle ba tare da ya zubar da gumi ba. Wannan magana ce ta hana ni sakat har na ɗauki alƙalami.

Tun da farko ina so a fahimce ni. Hukuncin rawa a addini na bar wa malamai, domin su ne masu wannan fage, kuma ba ina kiran ɗan kowa ya shiga wannan harka ba ne. Abin da nake ja da shi shi ne a ce babu wahala a cikinta. Na shafe shekaru masu yawa ina aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, wasu daga cikin shekarun a wani ƙaramin asibiti a Ingila da 'yan rawa ke yawan zuwa, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi, kuma gani ya kori ji.

Ba zan manta da ta farko da aka turo mini ba. Mace ce da ba ta wuce shekara ashirin da shida ba, ta shigo tana tafiya a miƙe kamar babu abin da ke damunta, sai da ta zauna ta tuɓe safa sannan na gane abin da ake ciki. Farcen babban yatsanta ya yi baƙi ƙirin yana shirin fita, kowace gaɓar yatsa ta yi kanta, akwai bororo biyu da ta rufe da filasta, ƙashin gindin babban yatsan kuma ya karkace ya turo waje irin yadda muka saba gani a ƙafar dattijuwa. Duk wannan a wurinta ba ciwo ba ne, kayan aiki ne. Abin da ya kawo ta wani zogi ne a bayan ƙafa da ya ƙi tafiya. Da aka ɗauki hoto sai ga tsaga siririya kamar silin gashi a ƙashi na biyu na tsakiyar ƙafar, irin wadda ke zuwa a hankali saboda yawan dira a wuri ɗaya ba tare da hutu ba. Na gaya mata cewa sai ta ajiye rawa na aƙalla mako shida. Ba ta tambaye ni ko za ta warke ba, abin da ta tambaya shi ne ko akwai dabarar da za ta ba ta damar hawa dandamali ranar Asabar, domin ta san akwai wata da ta haddace rawar tana jira a bayan labule, kuma idan waccan ta burge shugabanni, ita tata ta ƙare. Da na ce babu, sai ta yi shiru, hawaye suka zubo mata.

Masu karatu da yawa sun taɓa ganin hoton mace tsaye a kan tsinin yatsunta, wasu kuma suna zaton akwai katako ko ƙarfe a cikin takalmin. Babu ko ɗaya. Ƙyalle ne da takarda da gam ake jerawa hawa-hawa har bakin takalmin ya yi tauri, sannan a lulluɓe shi da yadi mai sheƙi, kuma dukkan nauyin jikin mace yana sauka ne a kan wani ɗan fili da bai kai faɗin kwalin ashana ba. Zufa da zafin jiki suna narkar da gam ɗin, har ta kai babbar 'yar rawa tana iya kashe takalmi a dare ɗaya, shi ya sa manyan ƙungiyoyi ke sayen dubbai a kowace shekara. Kowace da kanta take ɗinka wa takalminta igiya, ta bubbuga shi a bango ko a ƙasa don ya yi laushi ya rage ƙara. A wani shahararren wasan bale mai suna Swan Lake akwai wurin da ake jiran 'yar rawa ta juya sau 32 a jere a kan ƙafa ɗaya, al'adar da ta samo asali daga Pierina Legnani, 'yar Italiya, wadda ta yi hakan a birnin San Fitasbag na Rasha a 1895. Masu kallo suna ƙirgawa a zuci suna tafi, ni kuwa idan na gani, idon sawun ƙafar hagun nan nake kallo.

Kafin mutum ya kai wannan matsayi sai ya yi abin da ya kai shekara goma yana koyo, kuma dole ya fara tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba, domin asalin tsayuwar bale shi ne a juya ƙafafu waje tun daga ƙugu, abin da jikin babba ba ya karɓa da sauƙi. Wanda ƙugunsa bai buɗe ba sai ya riƙa murɗa gwiwa ko idon sawu don ya cike giɓin, daga nan kuma yawancin matsalolin da ake kawo mana suke tasowa. Ko bayan an ɗauki mutum aiki, koyo ba ya ƙarewa. Kowace safiya, kwana shida a mako, babba da ƙarami za su riƙe sandar da ke jikin bango su yi atisaye na kusan awa ɗaya da rabi, sannan a shiga gwajin rawar da za a nuna, sannan da dare a fito gaban jama'a da murmushi.

Faransawa sun daɗe da gane cewa wannan aiki ne, kuma aiki mai gajeren zango. Sarkinsu Luwi na 14, wanda shi kansa ya yi rawa a fada yana matashi, shi ne ya kafa cibiyar rawa ta masarauta a 1661, makarantar gidan Opera na Paris, wato babban gidan wasannin kiɗa da rawa na birnin, kuma ta samo asali daga 1713, tana nan har yau a garin Nantar da ke gefen Paris, inda yara ke haɗa karatun boko da rawa. Ƙungiyar gidan tana da 'yan rawa 154, an jera su hawa biyar, kuma bisa al'adar gidan ana hawa matakan tsakiya ne ta hanyar gasa a gaban alƙalai, in ban da matakin ƙoli da suke kira tauraro, wanda shugabanni ke naɗawa a kan dandamali bayan an kammala wasa. Haka aka yi wa Guillaume Diop, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu a watan Maris na 2023, ya zama baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a tarihin gidan. To amma ko tauraro ne, ko na layin baya, da zarar ya cika shekara 42 aikinsa ya ƙare. A shekarun da ma'aikacin gwamnati yake fara jin daɗin kujerarsa, a lokacin ne ake sallamar ɗan rawa da furanni.

Saboda haka ne 'yan rawan wannan gida suke da tsarin fansho na musamman da ya faro tun 1698. Lokacin da gwamnatin Shugaba Macron ta yi yunƙurin haɗe dukkan tsare-tsaren fansho na ƙasar wuri ɗaya, sai suka shiga yajin aiki tare da direbobin jirgin ƙasa da malaman makaranta, kuma a ranar 24 ga Disamba, 2019, cikin tsananin hunturu, matan ƙungiyar suka fito da fararen kayansu suka yi rawa a kan dakalin ƙofar gidan Opera, jama'a na tsaye a titi suna kallo kyauta. Hujjarsu ba ta da sarƙaƙiya: babu mai iya wannan aiki yana ɗan shekara sittin. Da aka zo sauya dokar fansho a 2023 aka ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, nasu tsarin ba a taɓa shi ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe mu, domin mutum 154 ne kawai a cikin dubbai. Yawancin waɗanda na yi wa gashi kwantiragin shekara ɗaya suke yi, wasu ma na wasa ɗaya, kuma mutum yana kaiwa talatin da biyar ba shi da takardar shaidar wata sana'a, ga amosanin gaɓɓai ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Mai rabo ya zama malamin rawa, saura kuma su koma aji su fara daga farko tare da sa'annin 'ya'yansu.

Rawar tango kuwa, wadda namiji da mace ke yi a rungume da juna, labarinta ya sha bamban, kuma ban san ta da hannu kamar yadda na san bale ba sai ta hanyar wasu ma'aurata 'yan Ajantina da suka zo koyarwa, mijin yana fama da ciwon baya. Ita ba a fada aka haife ta ba. A unguwannin talakawa na Buenos Aires da Montevideo, manyan biranen Ajantina da Yurugwai, ta taso a ƙarshen ƙarni na 19, inda baƙin haure daga Italiya da Sifaniya suka cakuɗa da jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, kowa ya zuba nasa kiɗan a tukunya ɗaya, aka ƙara da wani abin kiɗa mai kama da zugazugi da aka kawo daga Jamus, wanda ake kira bandoniyon. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, da sunan ƙasashen Ajantina da Yurugwai tare. Tun 2003 ake gasar duniya kowace shekara a Buenos Aires, kashi biyu: ta fili, wadda ake yi cikin natsuwa ƙafa ba ta barin ƙasa sosai, da ta dandamali, mai ɗauke da ɗaga mace sama da sauran abubuwan burgewa.

Abin da tango ta fi bale da shi shi ne tsawon rai. Juan Carlos Copes da María Nieves sun yi kusan shekara arba'in suna rawa tare, sun yi aure, sun rabu, amma ba su fasa hawa dandamali tare ba domin abincinsu a haɗe yake. Suna cikin waɗanda suka fito a babban wasan da aka buɗe a Paris a 1983, wanda ya farfaɗo da tango bayan ta daɗe da dusashewa a gida, kuma a lokacin shi ya haura hamsin, ita tana dab da cika ta. Copes ya rasu a watan Janairun 2021 yana da shekara 89. A wannan rawa furfura daraja ce, domin ana auna gwani ne da iya tafiya da sauraron kiɗa, abin da ba ya samuwa sai da shekaru. Amma inda aka samu sauƙi ta nan, an rasa ta can, domin mafi yawan 'yan tango ba su da albashi balle fansho. Wasu suna rawa a gidajen cin abinci na 'yan yawon buɗe ido kowane dare, wasu a dandalin Dorrego ko a unguwar La Boca da ke Buenos Aires, a gama a zagaya da hula a tara abin da ya samu, wasu kuma suna yawo ƙasa-ƙasa suna koyarwa. Mutumin da na yi wa gashi ya gaya mini cewa duk ranar da ya kwanta, shi da matarsa ne suka kwanta, tun da babu mai biyan kuɗi ya kalli rabin tango. Da annobar korona ta zo a 2020 aka hana mutane kusantar juna, sana'ar da gaba ɗayanta runguma ce ta tsaya cak na tsawon watanni.

Da na dawo gida ban yi zaton zan sake ganin irin wannan ba, sai ga shi wata rana an kawo mini wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa yana rawar Koroso, gwiwoyinsa biyu sun kumbura, ko zaman tahiya ba ya iyawa sai a kan kujera. Ya ba ni labarin manyan baƙin da aka tara da su da garuruwan da suka je, yana faɗa yana dariya, amma kuɗin hoton gwiwar sai da 'ya'yansa suka yi karo-karo. Duk wanda ya taɓa kallon Koroso da kyau ya san irin lanƙwasa da ɗaukar juna da dirar da ake yi, sau da yawa a kan siminti ko busasshiyar ƙasa, alhali ƙwararru a wasu wurare ba sa yarda su yi tsalle sai a kan daɓen katako mai ɗan lotsawa wanda ke rage wa gaɓɓai duka.

Saboda haka roƙona ga marubucin sharhin, cikin girmamawa, shi ne ya janye wannan jumla tasa, domin yaron da ya ambata yana tashi kowace safiya ne ya kama sandar atisaye a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, kuma shekarun da ke gabansa a wannan aiki ƙidayayyu ne. Roƙona gare ka kuma, ya Edita, shi ne ka tura wakilinku ya nemo tsofaffin 'yan Koroso a Kano, ya zauna da su, ya tambaye su shekara nawa suka yi a fage, me aka biya su, wa ya ɗauki nauyin maganinsu da suka ji rauni, da kuma abin da suke ci da shi yanzu. Idan ana bukatar wanda zai duba gwiwoyinsu a rubuta abin da aka gani, a shirye nake in zo ba tare da an biya ni ko kwabo ba.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Tsohon ma'aikacin sashen gashi,
Zariya, Jihar Kaduna.