Lemo da kanumfari ma sun isa, Malam Edita

Assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin ilimi na ranar Asabar ya ɓata mini rai. Wai yaro ba zai fahimci siffar bairos, wato ƙwayar cuta irin ta korona, ba sai makaranta ta sayo samfurin roba daga Turai. Haba! Bawan Allahn nan ya taɓa tsayawa gaban yara 50 a aji ɗaya a Agege kuwa?

Shekarata 9 ina koyar da kimiyya a wata 'yar makaranta, ko madubin likita ɗaya ba mu da shi. Ko da akwai ma, ai bairos ba ya ganuwa da irin wanda ake ajiyewa a makarantu. Lemo nake sayowa, in raba wa yara da kanumfari, su tsittsira a jikinsa. Ga korona nan a tafin hannunsu, har da ƙahonnin da take maƙalewa da su a jikin mutum. Sai mu shafe lemon da man kaɗanya a matsayin rigar kitsen da ta lulluɓe ta, a kawo sabulu a wanke. Nan take suka gane dalilin da aka dame mu da wanke hannu tun da cutar ta shigo Legas a Fabrairun 2020.

Ƙwayar cutar shan inna ce ta ba mu wuya. Kwalin taliya muke yankawa alwatika 20 daidai wa daida, a liƙe da gam, biyar-biyar su haɗu a kowace kusurwa, kusurwa 12 cif. Ranar farko komai ya wargaje, har wata yarinya ta yi kuka don nata ya fito kamar ƙosai. Kafin a rufe alwatikar ƙarshe sai a cusa zare a ciki, shi ne saƙon halittar da ƙwayar ke ɗauke da shi. Wani yaro ya ce, "Malama, to ina bakinsa? Me yake ci?" Na ce ba ya ci, sai dai ya kutsa cikin jikin wani ya sa a hayayyafa shi. Robar Turai da aka kulle a kabad don kada ta fashe, yaushe za ta jawo irin wannan tambaya?

Ita kuwa Ebola guntuwar igiyar shanya kawai na lanƙwasa, na haɗa musu da labarin Dakta Adadevoh, likitar nan ta Legas da ta hana mai cutar fita daga asibiti a 2014.

Abin da ya fi ƙona mini rai, shugaban makarantarmu ya ji shirin, yanzu har ya fara cewa wasan yara nake yi a aji.

Sannan don Allah ku duba lambar wayar nan taku. Sau 6 ina kira ranar, ba ta shiga ba, amma na Kano da Kaduna sai shigowa suke yi. Mu Hausawan Ikko ba masu sauraro ba ne?

Taku,
wata malama daga Agege, Legas