Kafin a ɗaga muryar mawaƙi, a fara sauke kiɗa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu zama bayan mikisa, wato na'urar haɗa sauti, a wurin taro ko a sutudiyo. Kukan masu sauraro bai cika wuce ɗaya ba: kiɗa ya danne murya, ba a jin baiti. Da an ji haka sai a tura fedar makirufo sama, wato madannin da ake zamewa don ƙara ko rage ƙarar layinsa, lasifika ta kama kuwwa, ko muryar ta tsage. Gyaran ba a nan yake ba.

Daga makunnin gen ake farawa, wanda ke can saman layin makirufo a mikisa yana ƙayyade ƙarfin abin da ke shigowa. A danna PFL, maɓallin da ke nuna ƙarfin layi kafin feda, a sa mawaƙi ya rera inda ya fi ɗaga murya a waƙar, domin "ɗaya, biyu" da ake faɗa ƙasa-ƙasa ba awo ba ne. A mikisar dijital, a murza har ma'auni ya riƙa yawo wajen -18 dBFS (awon ƙarfin sauti ne, 0 shi ne iyakarsa ta sama), ƙololuwarsa kada ta haura -6. Sannan a ajiye fedar murya kusa da alamar sifili, inda ba ta ƙara ba ta ragewa, a shigo da kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin muryar. In ta ɓace, kiɗan za a sauke da desibel 3 ko 4 (desibel awon ƙara ne).

Sau da yawa ma cunkoso ne ke cin muryar. Fitar kalmomi tana tsakanin 2 zuwa 5 kHz (Hz da kHz awon kauri ko sirancin sauti ne), kuma nan ne jita da piyano ke cika wuri. A rage musu desibel 2 zuwa 3 a wannan yanki, baiti zai fito ba a taɓa feda ba. A layin muryar kuwa a yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz, in tana da dishi-dishi kamar daga cikin tulu a ɗan rage wajen 300 Hz.

Inda aka fi shan wuya shi ne ɗora murya kai tsaye a kan kiɗan da aka riga aka naɗa. Shi an matse shi tun a sutudiyo, ƙarfinsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ita kuwa murya hawa take tana sauka. Sai amshi ya fito ras, baitocin da aka sassauta su nutse. Kwamfuresa ce maganinsa, wato na'urar da ke matse sauti in ya yi sama: a sa ƙarfin matsewarta a 3:1, ta riƙa cin desibel 3 zuwa 6 a inda murya ta yi sama. Amma kada a aika matsattsiyar muryar zuwa monitar mawaƙi, wato lasifikar da yake jin kansa da ita, yin haka yana jawo kuwwa da wuri. Shi ma mawaƙin a faɗa masa gaskiya: duk lokacin da ya ninka tazarar bakinsa da makirufo, kusan desibel 6 ya tafi. Masu damƙe kan makirufo da tafin hannu don ƙwalisa kuma, suna toshe kafofin bayansa ne, sai ya koma ɗaukar sauti ta kowane ɓangare, har da na monita.

A sutudiyo babu kuwwa, kunne ne ke yaudara. Wanda ya ji waƙa sau ɗari ya haddace ta, zai riƙa jin kalmomin ko da kiɗa ya binne su. Don haka a sauke sauti ƙasa sosai, yadda za a iya hira a kansa. Murya ce ya kamata a ci gaba da ji. A bi waƙar layi-layi ana ɗaga kalmomin da suka faɗi da desibel 1 ko 2 da hannu, maimakon a bar wa kwamfuresa aikin duka. A saurara ta lasifika guda, a saurara a waya, sannan a kira wanda bai taɓa jin waƙar ba ya maimaita baitin farko.

Na gode da fili.

Naka,
Wani mai haɗa sauti