Wasiƙa zuwa ga ɗana, kan maganar gonar gabas

Damagaram, unguwar Birni

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyali. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi, alhamdu lillahi.

An ce mini kana neman wanda zai karɓi jinginar gonar gabas, wai kuɗin mota kake haɗawa zuwa Agadas, daga can Libiya. Wanda ya faɗa mini ba maƙaryaci ba ne.

Na san ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero ke bununi, rumbu bai kai rabi ba. Amma magidancin da bai san iyakar giɓinsa ba, shi tsoro ke hana wa barci. Ka sussuke dami uku, ka auna tiya nawa suka bayar, ka lissafa sauran damman a kan haka. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Gidanka na cin tiya 2 a yini, buhu kwana 20 ke nan, wata 10 kuma buhu 15. Cire abin da ke rumbu, ka ga nawa ya rage. Kafin komai ka ware iri, zangarniya masu cika, a ɗaure a sa can sama inda hannun yara ba ya kai.

Wakenka kada ka zubar da shi a kasuwa yanzu da kaka, lokacin da kowa ke sayarwa. Shanya shi ya bushe ƙarau, har ya yi ƙaras in ka ciza. Zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban, sannan buhun waje. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba a sa magani. Ɗora shi kan katako nesa da bango, don ɓera ya huda leda sau ɗaya aikin ya lalace. Da bazara sai ka sayar, ka sayi gero. Harawa kuma ka ɗaga ta kan rufi, da ita da dusa za ka turke rago ɗaya.

Tun watan Afrilu ka haƙa tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, a feƙon nan na arewa: faɗin taƙi ɗaya, zurfin rabin taƙi, ƙasar a gefen gangare, taki cikin tafi biyu a kowane rami. Gawon da ya tsiro kada ka sare shi, sassabe kawai.

Duk wannan mai sauƙi ne. Gonar ce ke hana ni rintsawa. Jingina suna ne kurum, ɗana. Ka karɓi kuɗi ka cinye a hanya, mai kuɗi ya noma shekara biyar, ranar fansa ba ka da ko dala. Ka manta yadda ta kawunka ta ƙare? Su wa ke ƙodago yau a gonar ubansu? A 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit, yawancinsu mata da yara, da yawa mutanen Kance ne, maƙwabtanmu. Kai har kana da bakin cewa ba ka da sa'a, kana da ƙasa da lafiya da mace mai haƙuri? Kunya ta kama ni.

Na san kana ganin na tsare ka a ƙauye, ƙannenka suna Yamai. Wanda zai iya riƙe gonar na ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Gonar nan ta ga yunwar El Buhari a 1984, ta ga ta 2005, ba ta fita hannunmu ba.

In rani ya matsa, ka tafi cin rani kusa, lambunan Mirya ko Gidimuni, inda za ka dawo kafin shuka. Neman taimakon ɗan'uwa kuma ba bara ba ne.

Ka zo ranar Alhamis mu haɗu a kasuwar Dole, ka taho da lissafin a takarda. Buhunan waken ni zan saya. Ka zo da babban yaron, kakarsa na son ganinsa. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka