Wasiƙa daga Agege

Agege, Legas
Daren Lahadi

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Wata biyar ba ka neme ni ba, ni ma ban neme ka ba, an yi canjaras ke nan. Tsaya ka ji labari.

Ajin nan na koya wa yara harkar fim na ranar Asabar da ka rantse ba zai yi sati biyu ba, jiya muka yi zama na tara. Yara 14, a barandar islamiyya bayan la'asar. Ranar farko na tambaye su yadda ake yin fim, suka ce ai waya ake kunnawa. Sai na raba musu tsofaffin littattafan rubutu, kowa ya zana ƙwallo a gefen shafi, yana ɗan matsar da ita daga shafi zuwa shafi, sannan ya saki takardun da babban yatsa. Ƙwallo ta kama tsalle, wuri ya kaure da ihu. Na ce to, fim ke nan: hotuna ne a tsaye, 24 a sakan guda, ido ne ke ɗinke su.

Ka san ƴar mai shayin bakin masallaci, wadda ko gaisuwa sai ka kasa kunne? Mun ɗauki wani yaro da waya yana shirin dirowa daga katanga, muka tsayar, muka sake ɗaukarsa yana dira daga kan benci, muka haɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ashe masu faɗowa daga bene yankawa ake yi." Wallahi har tsigar jikina ta tashi.

Washegari sai ga ubanta. Gabana ya faɗi, don an riga an cire min yara biyu, wai fim lalata tarbiyya ne. Ni kuwa abin da nake gaya wa iyaye shi ne, ko an so ko an ƙi yaran nan suna kallo a waya, gara su gane inda ake musu rufa-ido. Ashe ƙara ya kawo: ta hana kowa kallo a gida! Kakarta na hawaye a gaban fim ɗin Indiya, ita tana cewa kiɗan ne aka sa don a sa ki kuka. Na ba shi haƙuri, ya ba ni shayi mai kauri.

Wani abin haushi, duk ajin sun ɗauka Pen Cinema sunan gada ne kawai. Da na ce gidan silima ne a da, dariya suka yi. Na ƙara musu da cewa tun 1903 aka nuna fim a Glover Hall, can cikin Eko, ɗaya ya ce lokacin akwai janareta? Ina son kai su Iganmu su ga ginin National Theatre da aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, in kuɗin mota ya haɗu. Ban ba su labarin wanda ya yaga wando a katangar silima a Kano ba, amma in ka ƙara wata biyar shiru, zan bayar, har da suna.

Af, ango ya dawo daga Zariya, ya yi ƙiba har hula ta matse shi. Uwargida na gaida Hajiya, ta ce kukar da aka aiko ta ƙare, kuma a haɗo da daddawa.

Naka,
Malamin Asabar