Neman Lissafi Daga Wanda Aka Ba Amanar Dukiya Ba Zargi Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ke raba zumunci a nan Zariya, wato amanar dukiyar da ake damƙa wa mutum don ya juya ko ya adana. Na yi shekaru ina aikin lissafin kuɗi kafin in yi ritaya, kuma na taɓa riƙe ma'ajin wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, shi ya sa maƙwabta kan kira ni zaman sulhu idan rigimar kuɗi ta taso.

Kowa ya san al'adar nan tamu ta ba ɗan kasuwa kuɗi da kaka, ya je Giwa ko Soba ya sayi masara ya zuba a sito, a jira bazara idan ta yi tsada a sayar a raba riba. Da farashin hatsi ya karye a 2025, mutane da yawa sun tafka asara, kuma a cikin wata guda na zauna sulhu biyu waɗanda a ido iri ɗaya ne, alhali a haƙiƙa sun yi hannun riga. A na farko, mutumin ya sayi buhunan da aka ce ya saya a farashin kasuwar ranar, ya sa magani, ya biya kuɗin sito, ga rasit ga shaidu, kasuwa ce kawai ta juya masa baya. Duk da haka mai kuɗin ya kai shi wurin 'yan sanda yana cewa sai an biya shi uwar kuɗinsa cif. A na biyu kuwa, da aka bi diddigi sai aka tarar rabin masarar daga gonar shi ɗan kasuwar ta fito, ya sayar wa kansa da kansa a farashin da ya ga dama, ya cakuɗa buhunan mutum huɗu da nasa babu alama, sa'an nan ya ɗebi wasu ya biya wani bashi da ke wuyansa da niyyar zai mayar. Wannan na biyun shi ne aka yi ta ba uzuri ana cewa ƙaddara ce, saboda yana da bakin magana kuma surukin gidan ne.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ƙiradi, wato yarjejeniyar da wani ke ba da jari wani ya juya a raba riba. Mai juya dukiya amintacce ne, ba ya lamunce asarar da kasuwa ta jawo, kuma idan mai kuɗi ya gindaya masa sharaɗin cewa ko ta halin ƙaƙa sai ya dawo da uwar kuɗi, ƙiradin ya ɓaci. Haka nan riba kaso ce daga abin da aka samu, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya, ba wani adadi da aka yanke tun kafin a fara ba. Amma wannan kariya tana faɗuwa da zarar ya ƙetare iyakar da aka yi masa ko ya yi sakaci, a nan biya ya hau kansa. Ke nan mutumin farko ba a bin sa ko sisi, na biyun kuwa ana bin sa, ko da a ce masarar ta yi tsada an ci riba, domin laifinsa ba faɗuwar farashi ba ne, laifinsa shi ne ya tsaya a matsayin mai saye da mai sayarwa a lokaci guda ba da sanin mai dukiya ba.

Abin da ya kamata masu karatu su lura da shi shi ne dokar ƙasa ma a kan wannan turba take. Sashe na 305 na Dokar Kamfanoni ta 2020 ya ɗauki daraktan kamfani a matsayin mai riƙon amana, wanda wajibi ne ya yi aiki da zuciya ɗaya don amfanin kamfanin baki ɗaya, sashe na 306 kuma ya hana shi barin buƙatar kansa ta yi karo da aikinsa, ya kuma hana shi cin ribar ɓoye da kujerarsa, in ya ci sai ya mayar. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka yi wa kasuwancinsu rajista, suka sa sunan ƙane ko mata a matsayin darakta don cika takarda, ba su san nauyin da suka ɗora musu ba, kuma su kansu suna ɗaukar asusun kamfani tamkar aljihun rigarsu, a cire kuɗin biki yau, a cire na makarantar yara gobe, alhali akwai wasu da suka zuba jari a ciki.

Manyan ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2009 Babban Bankin Najeriya, a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar ya kuma zuba wa bankunan naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar jama'a, kuma babban abin da ya kai su ga haka shi ne tulin rancen da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar da ta biyo, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a kotu, aka yanke mata ɗaurin wata shida aka kuma ƙwace kadarori na kimanin naira biliyan 190. Cutar dai ita ce ta mai masarar nan, girman buhun ne ya bambanta.

Inda na fi son in tsaya shi ne laifinmu mu masu ba da amanar, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna jin kunyar rubutu, muna jin kunyar tambaya. Mutum zai ɗauki kuɗin sallamarsa na aikin shekara talatin da biyar ya miƙa wa wani a zaure bayan sallar isha'i, babu takarda babu shaida, don kawai tare suke sahu a masallaci, kuma idan bayan wata shida ya ce a nuna masa lissafi sai a ce ya zargi mutumin kirki. Na ga wannan a ƙungiyar da na yi wa ma'aji. Shekarar da na kawo shawarar a riƙa karanta wa membobi sunayen shugabannin da suka ci rance da abin da ya rage a kansu, wani dattijo da nake girmamawa ya daina amsa gaisuwata har tsawon watanni, ba don yana da abin ɓoyewa ba, sai don yana ganin an ci mutuncinsa. Daga baya wannan karatun ne ya tona cewa wani daga cikinmu ya karɓi rance sau uku da sunayen mutanen da ba su sani ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga mutanen da suka fi mu gaskiya nesa ba kusa ba.

Wannan kunya ta fi yin ɓarna a dukiyar marayu. Baffa ya karɓi gida ko shago a Sabon Gari da sunan zai kula har yara su girma, yana karɓar haya shekara goma babu littafi, uwar yaran kuma ba ta da bakin tambaya don kada a ce ta raina dangin miji. Sau da yawa ba da niyyar ci ya fara ba, cakuɗawa ce ta kai shi inda shi kansa bai san nawa ne nasa nawa ne nasu ba. Alhali aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a kafa shaidu ranar da za a miƙa wa maraya dukiyarsa, wanda ke nuna cewa tun farko akwai abin da aka ƙidaya.

Akwai darasi a tsarin fanshon da aka kawo a 2004 aka sabunta a 2014. Duk da koke-koken da 'yan fansho ke yi a kansa, kuma ni ma ina da nawa, an yi hikima wuri guda: kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su daban, hukumar da ke sa ido a kansu kuma daban, ga bayanin asusu da ake aika wa mai kuɗi. Babu abin da zai hana kwamitin masallaci, ƙungiyar 'yan kasuwa ko uwar adashi su kwaikwayi wannan daidai ƙarfinsu, wato mai sa hannu a fitar da kuɗi ya zama ba shi ne mai rubuta littafi ba, asusun amana ya rabu da na mutum, a kuma sa ranar da za a karanta lissafi ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Wanda kuma ya zo da alƙawarin riba tsayayya kowane wata ba tare da ya nuna hajar da ake saye da sayarwa ba, a tuna da MMM da ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, da CBEX a 2025, a kuma tambaye shi rajistarsa da Hukumar Kula da Hannayen Jari kafin a ba shi ko kwabo.

Ina kira ga malamanmu na zaure da limaman Juma'a a Zazzau da su riƙa karantar da babin ƙiradi da na ajiya da na wakilci da misalan kasuwar yau, kamar yadda suke karantar da tsarki da azumi. Ita kuma jaridarka, ina ganin zai yi amfani ta buga samfurin takardar yarjejeniya da Hausa, shafi guda, mai ɗauke da adadin jari, irin hajar da za a saya, kason riba, wanda zai biya kuɗin sito da dako, da ranar lissafi, kafin kaka mai zuwa ta kama.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya