Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufurin Jiragen Sama: Ana Yanka Ƙananan Filayen Jirginmu Fuloti-Fuloti

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga Kaduna muke rubuto maka, kuma da Hausa, don mutanen garuruwan da abin ya shafa su ji abin da aka faɗa maka. Masu fassara ba su yi ƙaranci a ma'aikatarka ba.

A watan Afrilun 2025 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta tara masu ƙananan filayen saukar jirgi a Legas, ta ja musu kunne cewa daga 1 ga Janairun 2026 duk filin da ba shi da takardar izini, mai shi zai fuskanci hukunci. A wurin ne aka faɗi cewa filaye 92 ke cikin rajista, 24 na kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane, sauran 68 na Gwamnatin Tarayya ne, a hannun ma'aikatarka. To da wa za a fara, mai 24 ko mai 68? Laifi tudu ne, ranka ya daɗe.

Ba sai mun koya maka tarihi ba. Ka san jirage uku na sojan saman Ingila sun taso daga Masar sun sauka Kano a 1925. Ka san a Yaƙin Duniya na Biyu dubban jirage sun bi ta Kano da Maiduguri daga Takoradi zuwa Khartum da Alƙahira. Daga baya ƙananan filaye suka bazu a Arewa: Nguru, Potiskum, Azare, Mubi, Bida, Gusau, Kaltungo. Kamfanin sukari ya sa aka yi na Bacita, siminti ya kawo na Ashaka, madatsar ruwa ta kawo na Shiroro, 'yan mishan suka yi nasu a Miango. Da tituna suka samu, kamfanonin suka durƙushe ko suka rage aiki, aka kuma rufe Nigeria Airways a 2003, da yawa daga cikin filayen sai suka zama marayu.

Wanda ya san abin da yake nema zai gane su a hoton tauraron ɗan'adam ko da ciyawa ta rufe: doguwar miƙaƙƙiyar shara, galibi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Ba kwalliya ba ce. Jirgi yana tashi yana sauka ne fuskarsa na kallon iska, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Shi ya sa titin jirgin Kaduna yake ɗauke da lamba 05/23, na Kano 06/24, na Abuja 04/22, lambobin da ke nuna kusurwar da titi ya fuskanta. Waɗanda suka zaɓi wuraren nan sun duba iska, sun duba gangare, sun duba ba dutse ba tsauni a gaba. Irin wannan wuri kusa da gari ba a samunsa sau biyu.

Lalacewar titin kanta ba ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami ba, don sananniyar cuta ce mai magani. Ruwa ne ke fara kashe shi. Ana gina titin jirgi da ɗan tozo a tsakiya, gangaren kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari, don ruwan sama ya zurare gefe ya bi magudana. Idan aka yi damina biyu ko uku ba a yashe magudana da kwalbatoci ba, ruwa ya kwanta a kafaɗar titi, ya jiƙa burjin da ke ƙarƙashi. Rana kuma ta riga ta busar da kwaltar ta tsattsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ƙasa ta yi laushi, kwalta ta farfashe kamar bayan kada. Tofa da kiri-kiri su samu wurin zama, sabara da bagaruwa su biyo baya, gara ta tayar da suri a gefe. Tsakuwar da ta ɓalle kuwa farfela ke zuƙa, ta ci bakinta. Duk wannan gireda da rola da tankar ruwa suna gyara shi. A kankare matacciyar kwalta, a zuba burji mai kyau hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a jiƙa a daddanne, a maido da tozo, a buɗe magudanai. Jirage irin Cessna Caravan da Twin Otter don irin wannan titi aka ƙera su, kuma mita 1,000 zuwa 1,200 a tsawo da mita 23 a faɗi ya wadace su.

Abin da ba shi da magani shi ne ƙasar. Nan ne ma'aikatarka ta yi barci.

Yadda fili ke tafiya ba a ɓoye yake ba. Da farko waya ta ɓace daga shinge, sai turakan ƙarfe su bi ta zuwa wurin 'yan gwangwan. A fara koyon mota a kan titi, a yi ƙwallo da yamma, a shanya masara da barkono, duk waɗannan ba su da wata illa ta dindindin. Sai 'yan tifa su gano cewa burjin da ke ƙarƙashin titin ya fi na ko'ina kyau, tunda zaɓaɓɓe ne aka kawo. Sai mai buga bulo ya kafa rumfa. Sai a wayi gari an ga turakun safiyo a ƙarshen fili, an yanka fuloti, an sayar wa bawan Allah da ya biya kuɗinsa ya karɓi takarda. Shekara biyar, unguwa ta kafu da masallacinta da makarantarta, sunanta ma Filin Jirgi. Wane gwamna ne zai rushe wannan, kuma da wace diyya?

Ba sai gini ya hau kan titin ba kafin filin ya mutu, kuma wannan ne abin da masu rabon fuloti ba su sani ba, tunda ba wanda ya gaya musu. A ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ƙaramin titi mai tsawon mita 800 zuwa ƙasa da 1,200, wanda ake sauka da ido, yana buƙatar sarari na mita 40 kowane gefe daga tsakiyarsa, da mita 60 bayan kowane ƙarshe. Daga nan hanyar gangarowar jirgi take farawa, tana hawa mita 1 a kowane mita 25, har tsawon kilomita 2.5, kuma ba a yarda wani abu ya tsaga ta ba. Lissafin mai sauƙi ne. Bene mai tsayin mita 8 sai ya ja baya mita 200. Ƙarfen sabis mai mita 30 sai mita 750. Ƙarfe ɗaya tak da aka kafa a gurguwar kusurwa ya isa ya sa a daina sauka ta wannan ɓangaren, ko a yanke wa titin wani sashe har ya gaza amfani. Haka juji ko kwata a kusa da fili: shirwa da balbela da ungulu za su taru, tsuntsu ɗaya kuma ya ishi gilashin ƙaramin jirgi.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, harkar jirgin sama kuma ta Tarayya ce. A wannan tsagar filayen suke zurarewa. Jiha ta ce filin na Abuja ne, Abuja ba ta zo ta nuna iyakarta ba, mai rabon fuloti ya ga sarari. Fili nawa ne cikin 68 ɗin nan ke da taswirar safiyo da takardar mallaka da sunan gwamnati? A buga mana jerin, da sunan gari, da tsawon titi, da halin da yake ciki, da hekta nawa suka rage.

Ba sabon filin jirgi muke roƙo ba, Allah ya kiyaye. Mun ga yadda jihohi suka yi rige-rigen gina manya na biliyoyin naira, wasunsu sai lokacin aikin Hajji suke ganin babban jirgi. Abin da muke nema ya fi wannan araha nesa ba kusa ba, wataƙila shi ya sa ba ya jan hankali, don ba a yanka zare a kansa. A tura safiyo ya fitar da iyaka, a kafa turakun siminti, a shigar da taswirar a ofishin filaye na kowace jiha, irin KADGIS a nan Kaduna, tare da zanen hanyar gangarowa, yadda duk mai neman izinin bene ko ƙarfen sabis a wurin takardarsa za ta tsaya. Fili mai mita 1,500 da mita 150 hekta 22.5 ne, kewayensa kilomita 3.3. Shingen waya mai tsayin kamar mita 2.4 a wannan kewaye, da masu gadi daga mutanen garin waɗanda ake biya a kan kari, da sharar ciyawa da yashe magudana kafin damina da bayanta. Inda ba kuɗin waya, ko rami da dashen itatuwa gajeru a kan iyaka sun fi babu. A sa hakimi da mai unguwa a cikin maganar tun farko, su suka san wanda ya tumɓuke turke. Manoma ma za a iya ba su aron gefen fili su shuka gyaɗa ko wake, da sharaɗin ba gini ba bishiya, ba kuma dawa ko gero da ke kiran tsuntsaye.

Za a ce wa zai sauka a can. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, NCAT, tana Zariya tun 1964, kuma ɗalibin da ke neman lasisin farko sai ya yi tafiyar kilomita 270 shi kaɗai, ya sauka a filaye biyu daban, mai neman lasisin kasuwanci kilomita 540. Jirgin feshin jan-baki yana son wuri kusa da gonakin shinkafa, ba ya ƙona mai daga babban birni ba. Ga ɗauko majiyyaci, ga kai agaji lokacin ambaliya. Mu a Kaduna mun san amfanin fili na biyu: da aka rufe na Abuja makonni shida a 2017, nan aka juyo. Batun tsaro kuma ka fi mu sani, filin da gwamnati ba ta gadinsa ba ta san mai sauka a cikinsa ba.

Wasu daga cikin filayen sun riga sun tafi. Waɗannan a faɗi gaskiya, a cire su daga rajista, a bar mazauna su zauna lafiya da takardunsu. Waɗanda suka rage kuwa safiyo ya isa gare su a cikin rani, kafin ruwa ya sauka a fara buga bulo.

Ka huta lafiya.

Daga wasu masu bibiyar harkar jiragen sama,
Kaduna